TSARON UNGUWA DA MATSALAR DABA: INA IYAKAR HANNUN MAI TSARO?

  



Maudu'in wannan jawabi shi ne tsaron unguwa: a wuyan wa alhakinsa yake, kuma ina ne iyakar hannun mai yinsa. Dalilin ɗauko shi a irin wannan rana ba ɓoyayye ba ne. A 'yan shekarun nan an kai matsayin da mai fita sallar Asuba a birnin Kano yakan tsaya ya yi shawara ko ya ɗauki wayarsa ko ya bar ta a gida, kuma majalisun zikiri da na karatu da aka saba yi bayan Isha wasu an dawo da su tsakanin Magariba da Isha saboda tsoron hanya. Unguwanni irin su Kurna da Dorayi da Sheka da Ƙofar Mata, waɗanda suke cike da malamai da mahaddata da mutanen kirki, sunansu ya yawaita a labaran rediyo saboda faɗan wasu tsirarun yara. Lamarin da ya kai ga hana bawa zuwa masallaci ya shiga cikin abin da ya wajaba ma'abota zawiya su yi magana a kansa.

Yadda magabata suka tsara

Lokacin da Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu al-Maghili ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ya rubuta masa nasihar nan da aka sani da Tajud Dini. A babin tsara mulki ya lissafa ma'aikatan da sarki ba ya wadatuwa daga gare su, kuma a cikinsu akwai masu gadi da masu sintirin dare, da masu hisba, da 'yan sanda masu tsawatarwa, da shaidu adalai, da alƙalai amintattu, har ma da masu ceto, wato waɗanda ake jin maganarsu idan suka nema wa mai laifi sassauci. Abin lura a nan shi ne kowane aiki ya ba shi mutanensa. Mai kamawa daban, mai shaida daban, mai hukunci daban. A kan wannan turba Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya gina littafinsa Liya'ul Hukkami, wanda ya wallafa a Kano ɗin nan wajen shekarar 1806, da mutanen gari suka nemi ya rubuta musu yadda ake tafiyar da hukunci.

A aikace kuwa, tsaron gari ya dogara ne a kan sanin juna fiye da yadda ya dogara a kan makami. Akwai ganuwa da ƙofofinta da sarakunan ƙofa, akwai dogarai, amma tushen al'amarin yana zauren mai unguwa. Baƙo ba ya kwana sai an san mai masaukinsa, kuma mai masaukin shi ake tambaya idan baƙon ya yi ɓarna. Yaron da ya ɓata, da akuyar da ta ɓata, da tsintuwar da aka yi a hanya, duk gidan mai unguwa ake kai su, a can kuma ake zuwa cigiya. Daga mai unguwa magana ta je ga dagaci, daga dagaci ta je ga hakimi, daga hakimi ta isa fada. A zamanin Turawa aka fitar da 'yan doka daga cikin dogarai a shekarun 1920, suka zama 'yan sandan En'e. Ba za a ɓoye ba cewa an yi amfani da su wajen zaluntar talakawa da 'yan adawa, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta narkar da su cikin 'yan sandan tarayya daga ƙarshen shekarun 1960. Sai gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zo ya zare ragowar iko daga hannun sarakuna. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 214, ya tabbatar da cewa rundunar 'yan sanda guda ɗaya ce a ƙasar nan.

Sakamakon haka sai sani ya zauna a wuri ɗaya, iko ya koma wani wurin. Mai unguwa ya san ɗan wane ne yaron, amma ba shi da ikon tsare shi. Ɗan sandan da yake da iko wataƙila watansa uku da zuwa garin, bai san lungu ba, wani ma bai ji Hausa ba. Garin kuma ya fashe ya wuce ganuwa nesa. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum sama da miliyan 9, kuma an ci gaba da yanka filaye da awon igiya, ba titi, ba fitila, ba makaranta, maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba.

Ita kanta dabar ba daga sama ta faɗo ba. Asalinta matattarar 'yan farauta ce da 'yan tauri, mutanen da a da ake alfahari da su wajen kare gari. Siyasar jam'iyyu ta shekarun 1950, lokacin gwagwarmayar NEPU da NPC, ita ta fara ɗaukar ƙarti tana sanya su gaban 'yan takara, daga nan sunan 'yan banga ya samo asali. Tun daga lokacin kowace kakar zaɓe sai an sake shayar da wannan shuka. A Gombe ana ce musu 'yan kalare, a Bauchi sara-suka, a Adamawa 'yan shila. Suna ne kawai ya bambanta. Ɗan siyasar da ya saya wa yaro ƙwaya da barandami ranar gangami, bayan zaɓe ya sauya lambar waya, ya bar wa unguwa yaron da makaminsa da jarabarsa. Sannan ga shaye-shaye. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya cikin shekara guda. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, amma masu sha sun karkata ga tiramol da rochi da sholisho da wiwi.

Sharuɗɗan mai hana ɓarna

Da jama'a suka ga haka sai suka tashi tsaye, kuma sun yi daidai. Aka kafa ƙungiyoyin sintiri, ana karo-karo gida-gida ana saya musu tocila da usur. Gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, ta biyo da shirin A Daidaita Sahu a 2004. A Maiduguri matasan kato da gora sun tashi a 2013 lokacin da gari ya ƙi zaunuwa. Jihar Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023, Zamfara ta ƙaddamar da askarawanta a watan Janairu na 2024. Mutumin da ya hana idonsa barci cikin hunturu don maƙwabtansa su yi barci yana kan aiki mai girman lada, kuma hadisai sun zo da falalar idon da ya kwana yana gadi saboda Allah. Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah sun rasa rayukansu, wasu sun nakasa, ba tare da kowa ya waiwayi iyalansu ba.

Sai dai girman lada ba ya ɗauke sharaɗi. Malaman Malikiyya irin su Ibnu Rushdi kaka da Imamu Ƙarafi sun ambaci sharuɗɗa uku ga mai umarni da kyakkyawa da hani daga mummuna. Na farko ya zama ya san abin da yake hanawa, don kada ya hana halal ko ya yi umarni da haram. Na biyu ya amintu cewa haninsa ba zai haifar da ɓarnar da ta fi wadda yake son gusarwa ba. Na uku ya yi zaton haninsa zai yi amfani. Suka ce idan aka rasa na farko ko na biyu, hanin kansa ya haramta. Idan na uku aka rasa, wajabci ne kawai ya faɗi. A duba wannan da kyau: akwai hanin da yin sa zunubi ne.

Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya ƙara da sharuɗɗan abin da ake hanawa: ya zama yana faruwa a lokacin, ya zama bayyananne ba tare da an yi leƙen asiri ba, kuma ya zama ba mas'alar da malamai suka yi saɓani a kanta ba ce. Laifin da ya riga ya wuce ba na ɗaiɗaikun mutane ba ne, na hukuma ne. Ya kuma jera matakai, daga sanarwa cikin taushi, zuwa wa'azi, zuwa kausasa harshe, kafin a kai ga sa hannu. A nan ne ya kawo ƙissar Sayyidina Umar (RA), wanda shi da kansa yake zagaya Madina da dare. Ya haura katangar wani mutum ya same shi a kan abin ƙi, sai mutumin ya nuna masa cewa shi laifi ɗaya ya yi, Sarkin Musulmi kuwa ya yi uku: ya yi bincike a ɓoye, ya shigo ba ta ƙofa ba, kuma bai nemi izini da sallama ba. Sayyidina Umar ya ƙyale shi bisa sharaɗin tuba. In har Halifa ya tsaya a inda shari'a ta tsayar da shi, ɗan sintiri ba shi da hujjar fasa ƙofar mutum da tsakar dare bisa jita-jita.

Kada wani ya fahimci cewa shari'a ta sassauta wa mai tare hanya. A mazhabar Imamu Malik, wanda ya zare makami ya ƙwace dukiyar mutane ɗan fashi ne, a daji ya yi ko a tsakiyar gari, kuma hukuncin fashi yana cikin mafi tsananin hukunce-hukunce. Yaron da ya ɗora wa mutum wuƙa don wayar hannu ya shiga wannan babi, ko wayar ba ta kai kuɗin buhun masara ba. Wanda aka afka wa yana da ikon kare kansa, bayan gargaɗi idan da hali, da gwargwadon abin da zai tunkuɗe sharrin. Amma da zarar an rinjayi ɓarawo an ɗaure hannunsa, kariyar kai ta ƙare, abin da ya rage hukunci ne, hukunci kuwa malamai sun haɗu a kan cewa na shugaba ne da alƙalinsa. Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya: ta yarda farar hula ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, ta kuma wajabta masa miƙa shi ga 'yan sanda ba da jinkiri ba. Duk dukan da aka yi wa ɗaurarre, duk taya da fetur da aka ɗauko, laifi ne sabo mai zaman kansa, kuma yawan masu yinsa ba ya raba alhakin ya ƙanƙanta. Fiƙihun Malikiyya ya tafi a kan cewa ana kashe jama'a saboda mutum ɗaya idan suka haɗu a kan kashe shi.

Wanda yake ganin wannan tsanantawar malamai ce, ya dubi Zamfara. 'Yan sa-kai sun tashi ne don maganin ɓarayin shanu, amma da aka fara kama mutum a kasuwa a yanka shi ba shaida ba alƙali, saboda kamanninsa ko harshensa, sai ramuwar gayya ta buɗe. Harin da aka kai 'Yargaladima a watan Afrilu na 2014, inda aka afka wa taron 'yan sintiri aka kashe jama'a masu yawa, yana cikin 'ya'yan wannan gaba, kuma har yau yankin bai fita daga cikinta ba. Sannan ya dubi abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025, lokacin da 'yan sintirin garin suka tare motar mafarauta 'yan Kano da suke dawowa gida bikin Sallah, aka ce masu garkuwa da mutane ne, taron jama'a ya kashe mutum 16. Allah Ya jiƙansu. Waɗanda suka tare su su ma cewa suke yi unguwarsu suke tsarewa, su ma garkuwa da mutane ta ishe su. Duk wanda ya yi kukan Uromi, sannan aka yi ihun ɓarawo a bakin kasuwa ya ɗauki dutse bai tambayi komai ba, to ya san irin aikin da ya yi tir da shi ne yake yi.

Ƙofar dawowa

Ɗan daba ɗan wani ne a unguwar. An yi masa huɗuba a kunne, an yanka masa rago, da yawansu sun riƙe allo. Mutanen tarbiyya sun fi kowa sanin cewa ba a yanke wa bawa ƙauna. Fulailu ɗan Iyalu, wanda ya rasu a Makka a shekara ta 187 bayan Hijira yana cikin manyan imaman zuhudu, ɗan fashi ne a farkonsa, yana tare ayari tsakanin Abiwarda da Sarakhsa. An kuma ruwaito cewa Ma'aruful Karkhi yana zaune da almajiransa a bakin kogin Dijla a Bagadaza, sai wasu samari suka wuce cikin jirgi suna shaye-shaye da kaɗe-kaɗe. Almajirai suka nemi ya yi musu mummunar addu'a, shi kuwa ya roƙi Allah Ya faranta musu a lahira kamar yadda Ya faranta musu a duniya. Da suka yi mamaki sai ya bayyana musu cewa faranta musu a lahira yana nufin a ba su tuba, wannan kuwa ba zai cuci kowa ba. Asalin wannan ladabi yana cikin Sahihul Bukhari, inda Manzon Allah (SAW) ya hana a la'anci sahabin da aka yi ta kawowa ana yi masa haddin giya, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. An tsayar masa da haddi, kuma ba a kore shi daga cikin jama'a ba.

A shekarar 2023 rundunar 'yan sandan Kano, a ƙarƙashin Kwamishina Muhammad Usaini Gumel, ta yi kira ga 'yan daba su miƙa makamansu, ɗaruruwa suka amsa. Wannan abin yabo ne. Inda aka yi ta ce-ce-ku-ce shi ne da aka sanya wa wasu daga cikinsu kaki a matsayin 'yan sandan taimako. Fiƙihu yana da abin faɗa a nan: tuba ana karɓarta nan take, amma amana sai an jarraba. Malamai ba sa karɓar shaidar wanda ya tuba daga fasiƙanci sai alamun gyaruwa sun bayyana a kansa, wasu ma sun ƙaddara shekara guda. Wanda ya ajiye gariyo jiya ya fi buƙatar sana'a da malami da abokan zama na kirki a kan ya riƙe kulki. Idan kuma aka ɗauki hotonsa a gaban tulin makamai aka sallame shi ya koma kangon da ya fito, ga dillalin ƙwaya yana jiransa, ga tsofaffin abokan gaba ba su yafe ba, to ba a yi komai ba.

A nan ne zawiya take da abin da caji ofis ba shi da shi. Tana buɗe safe da yamma, tana da shehin da ake jin kunyarsa, tana da 'yan kasuwa da teloli da kafintoci da makanikai a sahu ɗaya. Muƙaddami guda zai iya ɗaukar yaro biyu ko uku ya rarraba su a shagunan muridansa, ya riƙa tambayar labarinsu duk mako. Kuma 'yan agaji, waɗanda suke tsare dubban mutane a irin wannan taro ba wuƙa ba gora, sai layi da igiya da biyayya ga na gaba, hujja ne a kan cewa saurayi mai ƙarfi yana karɓar horo idan ya sami wanda zai ba shi matsayi. Abin da daba take ba yaro ke nan: suna, da 'yan'uwa, da shugaban da zai bi.

Akwai kuma abin da ya shafi manya, kuma shi ya fi ɗaci. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wayar da aka soki mutum aka ƙwata, wani mai shago ne yake sayenta a sulusin kuɗinta, ya san sarai daga inda ta fito, sannan ya rufe shago ya tafi sahun farko. Ƙwayar a wani kemis ake sayar da ita, kuma mai gidan da ya ba da hayar shagon ya sani. Kangon da yaran suke kwana yana da mai shi. Uban da za a kama ɗansa da jini a riga, kafin gari ya waye ya tara dattawa an tafi neman alfarma, ya sani cewa ceton da al-Maghili ya ambata ba wannan ba ne; Manzon Allah (SAW) ya yi fushi da Usamatu ɗan Zaidu, duk da irin son da yake yi masa, lokacin da ya nemi ceto a cikin haddin matar nan Bamakhzumiya. Sannan ga ɓoye shaida: unguwa guda ta ga abin da ya faru, amma ranar zaman kotu ba mai zuwa, alƙali ya sallami wanda ake tuhuma don rashin hujja, a dawo ana zagin alƙali.

Gaskiya ne mutane suna da dalilin tsoro. An sha kai rahoto da safe, kafin dare wanda aka kai ƙara ya san sunan wanda ya kai shi. An sha karɓar kuɗin beli alhali doka ta ce kyauta ne. Maganin wannan shi ne kada a bar mutum ɗaya ya tsaya shi kaɗai. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma, kuma tun 1984 akwai kwamitin hulɗa tsakanin 'yan sanda da jama'a. Ya kamata limamin unguwa da muƙaddami su kasance cikin waɗannan zama, rahoto ya riƙa tafiya da sunan kwamiti ta hannun mai unguwa, shaidu kuma a raka su kotu a dawo da su.

Ita ma ƙungiyar sintiri tana buƙatar wanda zai tsare ta. Sunan kowane ɗan sintiri ya kasance a rubuce a wurin mai unguwa da wurin baturen 'yan sanda na yankin, tare da dattijo biyu da suka tsaya masa. Kada a ɗauki mai shan ƙwaya ko da ya fi kowa zuciya, kada kuma a bari ɗan takara ya saya musu riga mai hotonsa. Kuɗin karo-karo a karanta lissafinsa a bainar jama'a duk wata, kuma gidan da bai iya biya ba, kamar na marayu da zawarawa, kada a tsallake shi wajen gadi. Ofishin sintiri kada ya zama wurin kwanan wanda aka kama, balle wurin ɗaure mutum a turke ana neman ya amsa laifi. Amsawar da aka samu da duka ba hujja ba ce a shari'a. Sannan a samu malami ya zauna da su ko sau ɗaya a wata, ya karanta musu babin hisba da babin jini, kamar yadda ake karanta wa mai niyyar Hajji hukunce-hukuncen Hajji kafin ya tafi. A ware kuma wani abu daga asusun unguwa domin magani ga wanda aka ji wa rauni a bakin aiki, da iyalan wanda ya rasu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu suna gadin maƙwabtansu, Ya shiryi samarin Musulmi, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.